Likita Mila na Zariya, Baƙon da Ya Tsaya a Bakin Hanya

Karatun wannan mako: Luka sura 10, aya 25 zuwa 37, Zabura 103, Yunana sura 4.

'Yan'uwa, a wannan mako muna so mu ɗauki rayuwar mutum ɗaya mu ajiye ta kusa da misalin Basamariyen nan da Ubangijinmu ya bayar, mu ga inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Mutumin kuwa shi ne Likita Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da Likita Mila. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ya riga ya ci gumin mutumin nan, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Ba don marar aibi ne muka zaɓe shi ba. Yana da aibinsa, za mu kuwa faɗe shi in mun kai wurin.

Amma kafin mu shiga labarin, bari mu dakata kaɗan a kan kalmar tausayi ita kanta, gama mu masu fassara ba mu iya wuce kalma ba mu ɗaga ta mun leƙa ƙarƙashinta ba. A cikin Ibrananci, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, ana kiran tausayin Allah rahamim. Kalmar nan daga rehem ta fito, watau mahaifa, inda jariri yake kwance a cikin uwarsa. Kunnen Bahaushe ba zai ji ta baƙuwa ba, don 'yar'uwar rahama ce wadda Hausa ta aro daga Larabci, tushensu ɗaya. Shi ya sa annabi Ishaya, a sura 49 aya 15, da zai nuna yadda Allah yake riƙe da jama'arsa, sai ya kawo misalin mace mai goyo. A cikin Helenanci kuma, harshen Sabon Alkawari, kalmar da ake faɗin tausayin Yesu da ita tana nufin motsawar kayan ciki, irin abin da mutum yake ji sa'ad da ya ga ɗansa ya faɗi cikinsa ya juya. Sau 12 kalmar ta fito a cikin Matta da Markus da Luka. Abin lura kuwa shi ne, duk inda aka ce Yesu ya ji tausayi, aiki ne yake biyo baya: ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ya ciyar da taro a jeji, ya tsai da masu ɗauke da makara a ƙofar garin Nayin. Haka Basamariyen ma. Ya gani, ya matsa kusa, ya ɗaure raunuka, ya biya kuɗin masauƙi, sa'an nan ya yi alkawari zai komo. Wannan komowa ita ce mutane suka fi mantawa in suna ba da labarin, ita ce kuma muke so mai karatu ya riƙe a zuciya.

An haifi Walter Miller a shekara ta 1872 a garin Honiton, a kudu maso yammacin Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin Bartalamawas Mai Tsarki a Landan. A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya soma yawo a Ingila ta bakin Charles Robinson, wanda ya kai Kano a 1894, daga baya ya tsara ƙamus na Hausa da Turanci. Saurayin likitan ya ji labarin, ya ba da kansa ga mishan ta C.M.S., wadda take ta Ikkilisiyar Ingila. Da yake hanyar ƙasar Hausa ba ta buɗe wa Turawa ba tukuna, sai aka aike shi da abokansa Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda ayarin Kano yake sauka bayan ya ƙetare Sahara, inda kuma alhazai Hausawa suke yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka. A can ya soma koyon Hausa a bakin masu ita.

A Tarabulus ɗin ne ya gamu da wani yaro mutumin ƙasar Katsina, sunansa Audu. Yaron ya taso da mahaifinsa za su aikin hajji, mahaifin ya rasu a hanya, ya bar shi cikin baƙin mutane, ba dangi, ba guzuri. Mila ya jawo shi a jiki. Yaron bai fasa niyyarsa ba, ya wuce Makka. Bayan ya sha wuya mai yawa a hanyar dawowa sai suka sāke haɗuwa, daga nan kuwa ya zama kamar ɗa a gare shi, ya kuma zama ɗaya daga cikin malamansa na Hausa. Ba sai mun je Tarabulus za mu gane halin yaron nan ba. Wanda ya taɓa tsayawa da asuba a tashoshin mota na Utako a nan Abuja ya san irinsa: yaron da motar dare ta sauke, kuɗinsa ya ƙare, wanda aka ce zai tarye shi bai zo ba, yana rungume da jakarsa yana duban fuskokin masu wucewa. Yawancinmu mukan gan shi sarai. Mukan ma ji wani abu ya motsa a cikinmu. Sai mu tuna aikin da ke jiranmu, mu ƙetare titi.

A farkon shekara ta 1900 Mila ya tashi daga Ikko tare da Bishop Herbert Tugwell da waɗansu Turawa uku, suka nufi Kano ta ƙasa. Suka yi wajen wata uku a hanya. Da suka isa, Sarkin Kano Alu bai yi maraba da su ba, ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su fita daga garinsa. Kada mu yi saurin ganin laifin Sarki. A shekarar nan ce Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa, labarin sojansa kuwa ya riga ya cika ƙasa, baƙin nan ma sun shigo ba su nemi izni tun daga nesa ba, yadda al'ada take. Suka juyo kudu, suka sami wurin zama a Girku, a ƙasar Zazzau. A can ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma ciwo ya kayar da shi aka mai da shi gida. Wuta ta ci masauƙinsu. A ƙarshe dai suka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. In da lissafin ɗan adam za a bi, tafiyar nan asara ce tsantsa.

Mila kuwa ya komo. A 1902 yana Girku kuma, a 1905 ya sami iznin zama a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. A unguwar Durumin Maigarke ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, 'yar'uwarsa Ethel ma ta zo ta kama masa aikin. Ya zauna a cikin ganuwa fiye da shekara 20, yana wankin gyambo, yana duba masu ciwon ido da masu zazzaɓi, yana koya wa yara karatu da lissafi, dare kuwa ya raba shi a kan fassara. Ya iya Hausa har Turawan mulki suka riƙa zuwa wurinsa yana gwada su a harshen. Masu shan maganinsa suna da yawa, masu bin addininsa kuwa a cikin birni ba su taka kara sun karya ba. Bai kuwa rufe ƙofar ɗakin magani saboda haka ba. A nan muna ganin ya fahimci Ubangijinsa daidai, gama a cikin Luka sura 17 kutare goma aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, ba mu kuwa karanta cewa an karɓe lafiyar sauran taran ba.

Zamanin nan zamanin ƙarshen cinikin bayi ne. Gwamnati ta hana kamu da saye da sayarwa, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, ko da yake bautar kanta ba a soke ta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Sau da yawa akan tare fatake a hanya a ƙwace yara daga hannunsu, yaran kuwa ba su san sunan garinsu ba, waɗansu ma harshen iyayensu ya ɓace musu. Mila ya karɓi waɗansu a gidansa ya goya su. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya ɗauki sunan Henry Miller, ya girma har ya zama limamin ikkilisiya. Ba da sadaka ga maraya a bakin ƙofa abu ne mai kyau, ba mu rena shi ba. Amma a ɗauki yaro a ci da shi, a tufasar da shi, a jure rashin jinsa shekara da shekaru, wannan ya fi kusa da abin da Zabura 103 aya 13 take nufi, inda ta gwada tausayin Ubangiji da na uba ga 'ya'yansa.

Yanzu mun iso wuri mai nauyi a cikin labarin, muna roƙon mai karatu ya bi mu a hankali.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya yi ta nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har ya ba shi matsayi na musamman a cikin koyarwarsa, ya tara almajirai. Hukuma ta ɗauki abin bidi'a da tawaye, aka kashe shi a Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan Kano da Zazzau, suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka zo wurin Mila a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Ka duba farin cikin mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shuka a fako, sai ga mutane sun zo da ƙafarsu. Mishan ta ga suna warwatse, ba mai koya musu, suna kuma shan tsangwama, sai ta nemi fili a Gimi a ƙasar Zazzau, aka tara su su zauna wuri ɗaya. Fiye da mutum 100 suka taru. Aka yi gonaki, aka gina ɗakin sujada da makaranta, wani limami baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, ya zauna tare da su.

Ashe akwai ƙudan tsando a kurmin rafin wurin. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga garin. Wanda bai taɓa ganin ciwon nan ba sai ya gode wa Allah. Yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya, mutum ya yi ta ramewa, in ƙwayar cutar ta kai ga ƙwaƙwalwa sai hankali ya rikice, barci ya riƙa ɗaukarsa da rana tsaka ko yana cikin cin abinci, har ya kai ga barcin da ba a tashi. A shekarun nan magungunan da suka fi tasiri a kansa ba su iso ba tukuna, sai bayan 1920 suka soma yaɗuwa. Cikin 'yan shekaru yawancin mutanen Gimi suka mutu, garin ya watse. Shekaru bayan haka ne gwamnati ta yi babban aikin sassabe kurmi a ƙasar Anchau, ta gina sabon garin Takalafiya, duk don yaƙi da ƙudan nan.

Ba za mu ɓoye ba, tausayi ne ya tara mutanen nan a Gimi, a wurin da aka tara su kuma mutuwa ta same su. Akwai masu koyar da cewa in dai niyyarka mai kyau ce, Allah ba zai bari aikinka ya jawo wa kowa hasara ba. Ba mu sami wannan alkawari a cikin Littafi ba. Mai taimako mutum ne, saninsa gajere, yana iya ɗaukar majiyyaci ya kai shi masauƙin da rufinsa zai rufta. Abin tambaya shi ne me zai yi bayan haka, gama a nan ne da yawa sukan ja da baya, kunya ta hana su sāke duban fuskar waɗanda suka yi niyyar taimako. Mila da abokan aikinsa ba su ja da baya ba. Suka kwaso waɗanda suka ragu, yawancinsu yara marayu, suka kawo su Zariya, suka yi jiyyarsu, suka sa su a makaranta. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Ba mu kawo sunansa don mu ce ribar ta biya hasarar ba. Kaburburan Gimi ba abin da zai biya su a wannan duniya.

Mun yi alkawari za mu faɗi aibinsa. Mila mutum ne mai zafin rai, mai kaifin harshe da alƙalami. Abin da ya gani na zaluncin da ake yi wa talakawa da bayi ya ƙona masa zuciya, bai kuwa iya yin shiru ba. Ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu ɗan Sidi wurin Turawa, ƙararrakinsa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin wajen 1920, aka kai shi Lakwaja. Turawan mulki ma ba su tsira daga bakinsa ba, ya zarge su da jingina da sarakuna suna barin talaka a rana, har a 1947 ya buga littafi yana tambaya ko Ingila ta kāsa a Nijeriya. Fushi saboda wanda aka zalunta ba baƙon abu ba ne ga tausayi. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu sun san cewa a Markus sura 1 aya 41, inda yawancin littattafai suka ce Yesu ya ji tausayin kuturun, akwai kaɗan da suka ce ya husata, kamar dai abu biyun nan maƙwabta ne. Amma Mila yakan wuce gona da iri. Da fari ya yi murna da zuwan sojan Ingila, yana ganin su ne za su karya bauta, bai auna jinin da za a zubar ba. Yakan yi wa sarakunan Fulani kuɗin goro, yakan kuma yi magana a kan addinin maƙwabtansa da kalmomin da ba su dace da baƙon da aka ba masauƙi ba. Sarki Aliyu kuwa, ko mene ne laifinsa, malami ne, mawaƙi ne wanda har yau ana karanta waƙoƙinsa, mutum ne da aka raba shi da garinsu ya mutu a baƙunci a 1924. Don haka muka sa Yunana sura 4 a cikin karatunmu. Yunana ya san Allah mai tausayi ne, abin da ya ɓata masa rai ke nan, don bai so tausayin ya kai Nineba ba. Allah kuwa ya nuna masa yana jin tausayin birnin duka, har da dabbobinsa. Mu ma da muke jin zafin abin da ake yi wa marasa ƙarfi, sai mu bincika ko akwai wata Nineba da muka keɓe a zuciyarmu.

Wajen 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni aka mai da ita Wusasa, a bayan ganuwa, inda aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki, mai suna ɗaya da asibitin da ya yi karatu a Landan, da asibitin Luka Mai Tsarki. Mila bai so ƙaurar nan ba ko kaɗan, gama a ganinsa wurin likita yana cikin mutane. Sai ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara. Ba shi ne ya fara aikin ba. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fassara waɗansu littattafai da taimakon Dorugu, yaro Bahaushe da aka 'yanta daga bauta. Ba shi kaɗai kuma ya gama ba, akwai Likita Andrew Stirrett na mishan ta S.I.M. da waɗansu, da malamai Hausawa da suka zauna da su suna tace kalma ɗaya ɗaya. Amma shi ne ya ɗauki babban kaso. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka yi kusan shekara 50 ana karanta shi a majami'u daga Jos har Maraɗi kafin sabuwar fassara ta fito. Mu da muka gaji aikin mun san wuyar zaɓe tsakanin tausayi da jinƙai da juyayi da rahama a aya guda, mukan kuwa yi tunanin wanda ya binne mutanen Gimi yana zaune da fitila a kan Makoki sura 3.

Yaran makarantarsa suka bazu cikin ƙasa. A cikinsu akwai Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

A 1935 Mila ya ajiye aikin mishan ya tafi Ingila, shekarunsa 63, ya isa hutu. Amma zaman bai yi masa ba. A 1939 ya sāke komowa Nijeriya, wannan karo ba a ƙarƙashin mishan ba, ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, inda ya rasu a shekara ta 1952, yana da shekara 80, shekara 52 ke nan bayan ranar da aka sallame shi daga ƙofar Kano.